Tokar Shagon Ikechukwu

Malam Dabo ya daɗe yana koyar da kemistiri a wata sakandare a Kwaciri, a ɗakin gwaje-gwajen da ba abin gwaji a cikinsa sai kwalabe wayam da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. Don haka alli ne babban sinadarinsa. Kowace shekara yakan rubuta a allo: gawayi + oksijin → kabondayoksaid. A ƙarƙashi ya sa C + O₂ → CO₂, sannan ya juyo yana kakkaɓe hannu.

"Ku ƙirga hagu, ku ƙirga dama. Wuta ba ta ɓatar da komai, kama kawai take sauya masa."

Yana faɗin wannan da jin daɗi, kamar shi ya kafa dokar.

In ya so yara su ga wani abu da idonsu, sai ya je Sabon Gari wurin abokinsa Ikechukwu, mai sayar da kayan haɗa sabulu da fenti. Ikechukwu yakan ƙulla masa 'yar soda ko farar ƙasa a leda, ya ce, "Farfesa, ga shi, je ka tsorata 'ya'yan mutane."

Wata Talata da rana wuta ta kama shagon, Ikechukwu yana can ciki wajen durom-durom. Da wutar ta mutu, 'yan kwana-kwana suka tona, ba su sami abin da za a nuna a ce mutum ne ba.

Bayan an share makoki, matarsa Philomena ta iske Malam Dabo a makaranta. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge.

"Malam, ka san al'adarmu. Namiji a gidan ubansa ake binne shi. 'Yan'uwansa sun haƙa kabari a ƙauye, sun ce ba za su rufe akwati wayam ba. Ni kuma Precious ta ce ka koya musu wuta ba ta ɓatar da komai."

Precious 'yarsu ce, kuma abin takaici ita kaɗai ke sauraro a ajinsa.

"Maman Precious, wannan ai maganar jarrabawa ce."

"Ƙarya ce ke nan?"

"A'a, gaskiya ce."

"To taso ka nuna min mijina."

Suka tafi. Shagon ya zama bango huɗu baƙi ƙirin, kwanon rufi ya lanƙwashe a ƙasa, wani wari mai kama maƙogwaro yana tashi har yanzu. Malam Dabo ya tsuguna. Ya san ƙashi in ya ƙone fari yake zama. Sai dai rabin hajar Ikechukwu farar hoda ce, ga ta nan ko'ina, ta cakuɗe da ruwan 'yan kwana-kwana ta daskare. Akwai gwajin da ke bambance tokar ƙashi da farar ƙasa, ya sha rubuta shi a allo. Sinadarin gwajin kuwa, da zai nema, wurin Ikechukwu zai zo.

Philomena na tsaye da farin bokitin roba mai murfi, irin na kai abinci coci.

"Ba zan iya rantse miki ba," in ji shi. "Ina aka ce ya tsaya?"

Ta nuna lungun durom-durom. Ya sa hannu biyu ya riƙa kwasa yana zubawa, fari da baƙi, har da wata 'yar ƙusa. Tokar ta yi sanyi, amma tafinsa ya riƙa zafi. Ya gaya wa kansa soda ce.

Ta ɗaga bokitin da hannu ɗaya, ta jijjiga shi.

"Malam, mutumin da babur ke kuka in ya hau? Wannan ko Precious ranar da na haife ta ta fi shi nauyi. Ina sauran?"

Da ya iya yin shiru. Amma malami ne, an yi masa tambayar da ya san amsarta.

"Yawancin jikin mutum ruwa ne, ya tashi tururi. Saura ya haɗu da oksijin ya bi iska."

"Wace iskar?"

Ta dubi sama, ta dubi layin, masu shayi da masu ɗinki da 'yan dako, kowa na harkarsa da hancinsa a buɗe. Ta danna murfin bokitin har ya yi ƙara.

"Wannan ya ishe su rufewa. Wancan da ya bi iska ku riƙe, da ma nan ya fi zama."

Washegari ta hau motar gabas zuwa ƙauyen mijinta, bokitin a cinyarta.

Da zangon karatu ya zagayo kan darasin ƙonewa, Malam Dabo ya rubuta hagu, ya ja kibiya, allin ya tsaya. Tagogi a buɗe suke, iska na shigowa daga wajen Sabon Gari. A bayansa yara sun yi tsit, ba abin da yake ji sai numfashinsu, suna ja suna saki.

"Malam," in ji Precious daga layin gaba, "ba ka cika dama ba."