Cokali Biyu

Karo na uku ke nan da mai hidimar ta tsaya a kan teburinsu, kuma a wannan karon murmushinta ya fara gajiya.

"Mama, ku yi mini haƙuri," ta ce, tana gyara hular matuƙan jirgi da ke zame mata a ka. "Kin ga layin da ke waje. Shugabanmu ba ya barin a riƙe tebur babu komai a kansa. Ko ɗan abu kaɗan ne ku zaɓa."

Kaka ta dubi layin ta tagar nan mai zagaye. Gidan abincin an gina shi da siffar jirgin ruwa a tsakiyar filin wasan yara, kuma duk wanda ya shigo filin sai ya so a ce ya ci abinci a cikinsa. Ga iyaye nan tsaye cikin rana da 'ya'ya a kafaɗa, suna harar duk wanda ya sami kujera. Can bayansu babban lilo yana ɗaga mutane sama yana sauke su, ihunsu na shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

"Kin ji ko, 'Yar Baba? Zaɓi abinci kafin a kore mu."

Jikar tata ta girgiza kai. Shekarunta takwas, an yi mata kitso sabo, ta sa rigarta mai ruwan ɗorawa wadda ba a fito da ita sai da dalili. Tun safe ko ruwan shayi ta ƙi sha.

"Baba ya ce in zo da yunwata. Ya ce tare za mu ci, har sai cikina ya yi kamar ganga."

"To shi cikin naki ya san da wannan yarjejeniya? Tun ɗazu nake jin yana kiran sunana."

Yarinyar ta yi dariya, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta jawo takardar abincin, ta tsallake shafin kaji da na kifi, ta tsaya a shafin ƙarshe inda aka jera hotunan kayan zaƙi. Ta daɗe tana nazari, leɓenta na motsi.

"Anti, askirim abinci ne?"

Mai hidimar ta dubi Kaka, sannan ta dubi yarinyar. "A'a, ƙanwata. Bayan abinci ake shan sa."

"To ban karya alkawari ba ke nan. A kawo wannan babban, mai cakulan. Da cokali biyu."

"Allah Ya yi miki albarka, kin tuna da tsohuwa," in ji Kaka.

"Ba naki ba ne! Ke da likita ya hana ki sukari? Na Baba ne."

* * *

Kujerar da ke fuskantar ƙofa ita 'Yar Baba ta ware masa. Ta ɗora jakarta a kai don kada wani ya ja ta zuwa wani teburin.

Auta ne uban nata, ɗan Kaka na ƙarshe, wanda ta goya har ƙafafunsa suna jan ƙasa. Shekara biyu ke nan da ya rabu da uwar yarinyar. Ba a yi tashin hankali ba, ba a je gaban kowa ba. Ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa a cikin garin nan, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Kuɗin makaranta bai taɓa latti ba. Shi ne dai ba ya zuwa. Ranar da aka ba yarinyar kyauta a makaranta aiki ya riƙe shi, ranar da aka cire mata haƙori mota ta lalace, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ya aiko direba da kwalin lemo. Kuma duk waɗannan uzurori Kaka ce ke ɗauko su ta kai gidan tsohuwar surukarta, ta gyara su, ta shafa musu mai, ta miƙa wa yarinyar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka take gaya wa kanta a hanya.

Da safen nan, uwar yarinyar ta tare ta a bakin ƙofa, sanye da fararen kayan asibiti, za ta tafi aiki. Ta rage murya don kada 'yar ta ji.

"Mama, don darajarki na yarda. Ke kin san halin da nake shiga duk ranar da ya saɓa. Kwana take yi ba ta magana, ni ce mai lallashi, ni ce mai shan harara kamar ni na hana shi zuwa."

"Wannan karon zai zo, 'yata. Da bakinsa ya rantse mini. Zai zauna da ita su ci abinci kamar kowane uba da 'yarsa."

"Allah Ya sa," in ji ta, ta ɗauki jakarta.

Abin da Kaka ta ɗauko ke nan a kanta ta shigo da shi jirgin nan: ɗanta ya zo, ya zauna, ya ci abinci da 'yarsa. Ba ta roƙi Allah fiye da haka ba.

Aka kawo askirim ɗin a wani faranti mai tsawo kamar kwalekwale, curi huɗu, an tsiyaya cakulan, an kafa biskit biyu a tsaye. 'Yar Baba ta ɗauki cokalinta ta ja layi a tsakiya, biyu nata, biyu nasa. Ɗaya cokalin ta goge shi da takardar goge hannu, ta ajiye a gaban kujerar da jakarta ke kai.

Ta fara sha a hankali, da bakin cokali, kamar mai shan magani. Ta fahimci dokar gidan sarai: muddin akwai abu a farantin, teburin nasu ne. Duk sanda ƙofa ta buɗe sai ta miƙe wuya. Wani mai ƙaton ciki ya shigo da tagwaye, wata mata ta shigo da keken jariri, wasu 'yan makaranta suka shigo suna ture juna. A teburin da ke kusa da su wani uba yana yanka wa ɗansa nama ƙanana-ƙanana, yana yi masa faɗan ya bar wasa da gishiri. 'Yar Baba ta zuba musu ido har askirim ya ɗiga mata a riga.

Kaka ta kira wayar Auta a ƙarƙashin tebur. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

"Yana tuƙi ne," ta ce. "Ba kyau a ɗauki waya ana tuƙi."

"Na sani."

Rabon uban ya fara narkewa, yana gangarowa ya tsallake layin. Yarinyar ta cire biskit ɗin nan biyu ta kwantar da su a tsakiya ta yi madatsa. Da ya fara ratsowa ta ƙarƙashi sai ta ɗan karkata farantin da yatsa, ta riƙe shi a haka, don nasa ya tsaya a gefensa. Kaka ta kau da kai ta dubi lilo.

* * *

Turarensa ya riga shi isowa. Kafin Kaka ta juyo, yarinyar ta tashi da gudu har ta kusa kifar da kujera.

"Baba!"

Ga shi nan kuwa, fes da shi, waya a hannu ɗaya, ƙatuwar 'yar tsana mai siffar zomo a ɗaya, irin wadda ake sayarwa a bakin ƙofar filin, ko takardar farashin ba a cire ba. Ya ɗaga 'yarsa sama ya juya da ita, mutanen teburin kusa suna murmushi. Zuciyar Kaka ta yi fari tas. Ta ji kamar ta tashi ta gaya wa duk wanda ke jirgin cewa wannan ɗanta ne.

"Kai, 'Yar Baba, kin yi tsawo! Aji biyu ko yanzu?"

"Aji uku."

"Aji uku! Mama, sannu da ƙoƙari. Zo nan, gimbiya, riƙe zomon. Matso kusa da taga, hasken ya fi kyau. Yi dariya. A'a, buɗe haƙoran. Yawwa!"

Ya ɗauka, ya duba, bai yi masa ba, ya sake. Ya jawo farantin askirim ɗin gabansu don ya fito a hoton, madatsar ta rushe, rabonsa da nata suka haɗe. Yarinyar ta cire jakarta, ta tura masa kujerar, ta ɗauko cokalin da hannu biyu.

"Baba, ga naka. Na ajiye maka. Ban ci abinci ba, ina jiran ka."

"Kash, gimbiyata." Ya dubi agogonsa. "Wasu baƙi ne suka zo mini daga nesa, suna can suna jira na, ko motar ban ajiye daidai ba. Ki ci komai kike so, kin ji? Komai. Zan biya a wajen mai karɓar kuɗi kafin in fita. Wani satin ni da ke ne, tun safe har yamma."

Ya sumbaci goshinta. Ko gefen kujerar bai taɓa ba.

Kaka ba ta san tana da sauran sauri irin wannan ba. Yana gama biyan kuɗin ta cim masa a bakin matakalar fita, ta kama hannun rigarsa.

"Auta, ka dubi girman Allah ka koma ka zauna. Ko loma biyar ce."

"Mama, don Allah kada ki tara mini mutane. Na zo ko ban zo ba?"

"Yarinyar nan tun safe ta hana cikinta abinci saboda kai."

"To ai na ce a ba ta! Me na rage ta da shi? Makaranta ina biya, asibiti ina biya, sutura ina saya. 'Ya'ya nawa ne a garin nan ke samun rabin abin da take samu?"

"Ba ciyarwa ta roƙe ka ba. Zama ta roƙe ka."

"Wani satin, Mama. Wallahi wani satin."

Ya zare hannunta daga rigarsa a hankali, da ladabi, yadda ta koya masa, ya sauka. Ta bi shi da kallo yana ratsa layin, kansa a sunkuye kan waya. Bai kai ƙofar filin ba wayarta ta yi ƙara a jaka. Hoton ne ya tura zauren danginsu, ya rubuta a ƙasa: Yau ranar gimbiyata ce. Kafin ta gama karantawa yayarsa ta amsa, Uba nagari, Allah Ya bar ƙauna. Wani ƙanen mahaifinsa ya sa hannuwan tafi. Kaka ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta haife shi, ta kashe wayar gaba ɗaya.

* * *

Ta tarar da 'Yar Baba ta zaunar da zomon a kujerar uban, ita kuma ta koma tata, hannuwanta a cinya. Abin da ke farantin ya zama ruwa mai launin ƙasa, gutsattsarin biskit na yawo a ciki.

Kaka ta zauna da ƙyar. Bakinta ya buɗe da kansa, don ya saba. Baƙin nan manya ne, za ta ce, ba yadda zai yi, kin ga ai ya zo, kin ga zomon da ya saya miki. Kalmomin duk suna nan a jere, amma ko ɗaya ta ƙi fitowa.

"Kaka, ba sai kin faɗa ba," in ji yarinyar, ba ta ɗago ba.

Mai hidimar ta matso, wannan karon ba ta dubi layin waje ba. Ta rage tsawo ta yi magana a hankali.

"Ƙanwata, Babanki ya biya, ya ce a kawo miki duk abin da kike so. Kazarmu tana da daɗi. In kawo?"

"Na gode, Anti. Na ƙoshi."

"Haba, 'Yar Baba," in ji Kaka. "Ko kaɗan ne. Ni zan ci tare da ke."

"Mu je gida kawai. Umma ta kusa tashi daga aiki."

Mai hidimar ta fara kwashe kaya. Ta ɗora farantin a kan tire, ta ɗora kofunan ruwa da cokalin yarinyar, ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗayan. 'Yar Baba ta riga ta. Ta ɗauke shi daga gaban zomon, ta dube shi, yana ƙyalli kamar yadda ta goge shi ɗazu, sannan ta miƙa mata shi daban.

"Anti, wannan ba sai kin wanke ba. Ba wanda ya taɓa shi."