Faifai Na Uku

"Kai, mutumin nan ba ya tsoron Allah!"

Haladu ya daki teburin majigi da tafin hannu har murfin gwangwanin fim ya faɗi ƙasa yana ƙara. Ba wanda ya ji shi. Shi kaɗai ne a zauren kulob ɗin kamfani, sai kujeru arba'in da ba kowa a kansu, sai farin allo inda wani koci mai tumbi yake yafito ɗan wasansa da hannu, wai ya fito daga fili.

Aikinsa ke nan duk safiyar Alhamis, shekara huɗu cur. Kamfanin na Amurkawa ne masu shimfiɗa bututun ruwa a arewacin Jidda, kuma kowane mako ana aiko musu da fim ɗin ƙwallon ƙasarsu ta jirgin sama, faifai uku, kwana goma bayan an buga wasan. Haladu ne ke fara kallonsa shi kaɗai, ya liƙe duk inda ya tsinke, don kada fim ya katse wa manya jin daɗi da la'asar. A wani gidan sinima na Wad Madani ya koyi injin, tun kafin ya ƙetaro teku daga Sudan. Da farko ya ɗauka wasan hauka ne tsagwaronta: ƙarti sun kifa hular kwano suna karo da juna a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Amma wanda ke kallon abu sau biyu kowane mako dole ya gane shi ko ba ya so. Ya gane cewa dama huɗu ake ba kowane ɓangare su ci yadi goma. Ya gane akwai mutum ɗaya da ake miƙo wa ƙwallo, kwatabak suke ce masa, shi ke duban fili ya jefa, shi kuma ke shan zagi in an sha kashi.

Kwatabak ɗin masu shuɗiyar riga, ƙungiyar garin su manaja, shi ne mutumin Haladu. Lamba tara, furfura a gefen kunne, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Dattijo ya raɗa masa. Ba ya gaggawa, ba ya jifan burga, in aka kayar da shi yakan tashi ya gyara hularsa ba tare da ya harari kowa ba. To, yau a faifai na uku, suna gaba da maki huɗu, saura minti biyar a tashi, jifa ɗaya tak ta kuɓuce wa Dattijo, sai kocin nan ya cire shi ya sa wani sabon shiga mai dogon gashi. Shi kuwa ya karɓi ƙwallo ya wurga ta sama don a tafa masa, abokan karawa suka cafe, suka ruga da ita har gida. A haka aka tashi.

Ran Haladu ya ɓaci ƙwarai, kamar yayansa aka wulaƙanta a gaban jama'a.

Yana cikin mayar da faifan ya ji takun takalmi, ya yi maza ya kashe fitilar injin. Mista Brenner ne, manajan kamfanin, mudir a Larabce, dogo mai jan wuya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rufe idanunsa da hannu. Ya daɗe a ƙasar, yana da ɗan Larabcinsa na kasuwa, da shi suke magana su cike da Turanci.

"Kada ka ce komai, Hal. Kada ma ka dube ni. Fuskarka tana magana."

"Ya mudir, zancen takardar nan ta iyalina ne."

"Bayan wasa. Kawo ta bayan wasa in sa hannu. Yau mu ke da nasara, jikina ya ba ni."

Ya juya ya tafi yana fito da baki.

Haladu ya zauna daɓas a kan akwatin faifai. Takardar ta neman bizar matarsa Mastura ce da 'yarsu Sauda, waɗanda ya baro a Mai Wurno ta Sudan shekara biyar ke nan. Sauda tana goye ya tafi, yanzu an ce har ta fara zuwa makaranta, kuma hotonsa kaɗai ta sani. Ba a karɓar takardar sai da sa hannun kafili, wato mai tsaya wa baƙo a ƙasar, kafilinsa kuwa kamfani ne, kamfani kuma Mista Brenner ne. Gobe Juma'a mutumin zai tashi hutun wata biyu, jibi Asabar ita ce rana ta ƙarshe kafin ofisoshi su koma hidimar alhazai. Kuma Haladu ya san halin manaja in shuɗiyar riga ta sha kashi. Ya taɓa jifan allo da kwalba, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwa, balle ya ɗauki biro.

Faɗa masa abin da ke tafe kuwa babu hali. Dokar kulob ce, an rubuta ta da jan fenti a ƙofa: wanda ya san sakamako ya haɗiye abinsa. Bara Othman direba ya ji a rediyon mota, ya tari manaja da fara'a yana cewa mabruk, kun ci. Cin ma suka yi, amma kafin mako ya zagayo an sallami Othman, yana cikin jirgin ruwan Bur Sudan da akwatinsa.

Da azahar Haladu ya hau bas zuwa unguwar Bab Makka ya karɓo takardar wurin mai bugawa da tafireta. Daga nan ya biya rumfar amininsa Salihu mai sayar da yadi, haifaffen Jidda, wanda kakansa ya zo Hajji da ƙafa daga Haɗeja bai koma ba. Ko gaisawar kirki ba su gama ba Haladu ya fara sauke abin da ke cikinsa.

"Minti biyar, ya Abu Hamad! Kana gaba da huɗu! Ko ɗan goye ya san abin yi. Ka riƙe ƙwallo a ƙasa, ka bar ƙarti su yi ta rarrafe da ita har lokaci ya ƙare. Sau nawa Dattijo ya yi haka a gabana? Sai wannan mai tumbin, da ko karo ɗaya bai taɓa sha ba, ya cire shi saboda jifa ɗaya. Shekara goma sha huɗu mutum yana ba ka ƙashinsa ana karyawa!"

Salihu ya ci gaba da awon yadinsa yana girgiza kai. "Esh hada, mene ne haka, ya Abu Sauda? Kai Bahaushen Sudan, kana zaune a Jidda, kana neman kuka a kan Bature da bai san an haife ka ba, a wasan da aka gama tun kwana goma. Kuma ƙwallon ma da hannu! Zo ran Juma'a in kai ka filin wasa na Sabban ka ga kura, ƙwallon ƙafa ta gaskiya."

"Ba ka gane ba ne."

"Na gane sarai. Mudarrib ɗin, kocin nan naka, jaki ne, halas, mun yarda. Ina takarda?"

Haladu ya fito da ita, ya faɗa masa yadda suka yi da manaja. Salihu ya ajiye almakashi, dariyar ta bar fuskarsa.

"Isma', saurara, ya akhi. Shekara talatin ina rumfar nan. Ba na yi wa mace maganar ciniki sai na ga ta yafa yadin a kafaɗa ta yi murmushi. Mutumin naka, a cikin faifan nan uku, akwai inda zai yi dariya?"

Haladu ya gyaɗa kai. Ya san wurin har da daƙiƙarsa. A ƙarshen faifai na biyu shuɗiyar riga na da goma sha bakwai, su wancan shida, kuma a nan ake kunna fitila ya canza faifai.

"To a nan za ka miƙa," in ji Salihu. "Kuma duk abin da ya ce, ka ce haka ne. In ya ce tekun nan madara ce, ka ce ka sha da safe. Yalla, tashi kada ka makara."

Bayan la'asar aka ja labule, mukayyif yana hura sanyi, zaure ya cika da injiniyoyi da gugguru da kwalaben lemo. Haladu ya kunna injin. Abin da ya fi ba shi haushi da mutanen nan shi ne ihun da suke yi wa allo, su ba 'yan wasa umarni, alhali masu wasan sun yi wanka sun koma gida tun makon jiya. Mista Brenner na kujerar gaba, shi ne limamin ihun. Tun farkon kakar bana ya tsani lamba tara. In Dattijo ya tsaya duban fili, ya ce barci yake. In aka kayar da shi, ya ce a kawo masa sanda da kujerar guragu. Haladu yana bayan injin yana cizon leɓe, wuyansa ya yi zafi.

Faifai na biyu ya ƙare, zaure ya ɗauki sowa. Haladu ya kunna fitila, ya goge hannunsa a riga, ya ratsa kujeru da takarda da biro.

"Ya mudir, ko za a taimaka yanzu, kafin in sa na uku."

Mista Brenner yana dariya har da buga ƙafa. Ya karɓi biron, ya ɗora takardar a gwiwa, bai ko karanta ba. Amma wani injiniya mai gilashi a gefensa ya ce, ai duk da haka tsohon nan ya iya riƙe wasa. Manaja ya ɗago kai, biro a tsaye bai taɓa takarda ba.

"Riƙe wasa? Da sabon yaron nan ne a ciki da mun kai talatin! Ga Hal nan, ya fi mu duka kallo. Hal, ba sakamako nake tambaya ba, ra'ayinka nake so. Lamba tara ya ƙare ko bai ƙare ba? A cire shi, ko?"

Duk maganar da ya zazzage wa Salihu ta dawo masa. Yana da amsa, amsa mai kyau, da lissafin minti da na yadi, wadda za ta rufe bakin kowa a zauren. Ya dubi bakin biron. Tsakaninsa da sunan Mastura bai kai faɗin yatsa ba.

"Haka ne, ya mudir. Ya tsufa."

"Da ƙarfi, su ji!"

"Ya tsufa. A cire shi."

Aka kwashe da dariya, wani ya bubbuga masa baya. Mista Brenner ya zana sa hannunsa, dogo mai wutsiya, ya miƙo masa. Haladu ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓalli. Bai taɓa jin ya tsani muryarsa ba sai ranar.

Ya sa faifai na uku. Su wancan suka ci bakwai, zaure ya fara gunaguni. Jifar nan ta kuɓuce wa Dattijo, kocin ya ɗaga hannu, Dattijo ya cire hular kwano ya nufi benci yana ɗingishi. Zauren ya tashi da tafi. Manaja ya juyo ya ɗaga wa Haladu babban yatsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana duban injin.

Bayan minti biyu ƙwallo ta tashi sama ta sauka a hannun da ba nasu ba. Tsit kake ji, sai ƙarar injin. Sannan kwalba ta fashe a jikin bango.

Kafin a kunna fitila kowa ya zama masani. Waɗanda suka yi tafi ɗazu su ne kan gaba wajen tsine wa koci. Mista Brenner ya fi kowa ɗaga murya: kana gaba da huɗu, saura minti biyar, ka riƙe ƙwallo a ƙasa! Wa ke cire mutum mai shekara goma sha huɗu a fili saboda jifa ɗaya? Kalma bayan kalma, maganar Haladu ce ta rumfar Salihu, tana fitowa daga bakin da ya nemi a kawo wa Dattijo sanda.

Mutane suka watse. Manaja ya kai ƙofa, sai ya tsaya, ya dawo har gaban injin. Fuskarsa ta yi ja kamar wuyansa.

"Tsaya, Hal. Kai ka kalli wannan da safe."

"Na kalla, ya mudir."

"Ka gani da idonka abin da ya faru, kuma ka tsaya a gabana ka ce a cire shi?"

Idonsa ya sauka a kan aljihun Haladu, inda gefen takardar ya ɗan leƙo. Haladu ya ji zuciyarsa tana bugun takardar daga ciki. Shekara huɗu, sau biyu kowane mako. Ya san wasan nan fiye da duk wanda ya zauna a kujerun nan arba'in.

"Ni injin kawai na sani, ya mudir. Wasan ban gane shi ba."

Mista Brenner ya yi tsaki. "Na ga alama," ya ce, ya fita ya bugo ƙofa.

Haladu ya share fasassun kwalba, ya jera kujeru. Ana kiran magariba a masallacin bayan katanga lokacin da ya dawo kan injin. Ka'ida ita ce ya kashe fitila ya naɗe faifan da sauri ya mayar gwangwani. Maimakon haka sai ya bar fitilar a kunne, ya murɗa maɓallin komawa baya.

A kan allo ƙwallo ta fito daga hannun abokan karawa ta koma inda ta taso. Sabon shiga ya fice daga fili da baya da baya. Dattijo ya miƙe daga benci, ya mayar da hular kwano kansa, ya fara takawa da baya yana ɗingisa ƙafar hagu, hannun kocin yana kaɗawa kamar mai cewa shiga, shiga. Haladu ya dafe aljihunsa da hannu ɗaya. Ya bar Dattijo ya isa tsakiyar fili, ya tsaya a bayan mutanensa, sannan ya kashe fitilar.