Jego Ya Karɓe Ta

Tun kafin mu shiga Ruwan Bago muka hango hayaƙin. Na ce wa Laure, "Kin gani ko? Wallahi gidan Barira ne." Sai ta daki rufin motar ta ce wa Ilu direba ya ƙara wuta.

Laure ce shugabar ƙungiyarmu ta matan Zoza da kewaye. Da kaka kowace mace takan kawo gyaɗa daidai ƙarfinta, mu matse mai, mu soya ƙuli, a kai kasuwar Rogo. Da abin da aka samu muke ɗaukar shatar a-kori-kurar Ilu duk ranar da haihuwa ta zo wa wata da gardama. Tun shekarar da 'yar Laure ta kumbura ta rasu ana tsakiyar jego, muka ƙara da bin gida-gida muna roƙon iyaye su sassauta: tafasasshen ruwan wanka safe da yamma, kunun da aka danƙara wa kanwa, da kwanciya kan gadon ƙasa ga garwashi a ƙarƙashi. Malamar asibiti ta ce su ke gajiyar da zuciyar mai jego har jiki ya cika da ruwa. Mun faɗa har mun gaji. Wasu ma cewa suke boko ya shiga kanmu, mu da ko bihim ba mu sani ba!

Abin haushin, Barira tamu ce, babu mai kawo gyaɗa kamarta. 'Yarta ta fari, Safara'u, ta haihu ta zo gida wanka, sai labari ya iso mana wai ta yi ɓul-ɓul, jego ya karɓe ta. Da jin haka Laure ta bar man a kan wuta ta ce a nemo Ilu.

Mun tarar da itace jibge har ya kusa kan katanga, tukunyar wankan yamma tana ta tafarfasa. Barira ta tare mu da murna. "Lale, lale! Ku shigo ku ga yarinyar nan, tubarkalla." Ba ta kama sunanta, kunyar 'yar fari.

Ɗakin kamar tanderu. Safara'u na zaune jingine da bango, fuska sai sheƙi, awarwaronta ya nutse cikin hannu. Gaisuwar ma a gutsuttsure ta fito. Laure ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙwaurin yarinyar. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya, kamar an danna tunkuza.

"Safara'u, yaya kike barci?"

"A zaune, Inna... in na kwanta... numfashin ƙi yake."

Laure ta juyo. "Barira, ga mota a waje. Yanzu za mu kai ta."

Barira ta ɓata rai. "Haba Yaya Laure! Ƙiba ce fa. Mai ɗanyen jego a buɗaɗɗiyar mota, iska na kaɗa ta, arba'in ba ta cika ba? In sanyi ya shige ta ku ce me? Ni haka aka yi min, ga ni garau. Ku bari ta gama wanka."

Ni dai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ta gama wanka ko wanka ya gama da ita? Gyaɗar da kike kawowa ta 'ya'yan wasu ce kaɗai?" Ta ce, "Turai, a gidana kike." Tsoro ya cika ni, don na taɓa ganin irin sheƙin fuskar nan, kuma na san inda ya ƙare.

Laure ta sunkuya ta ɗauki jaririn daga tabarma, ta rufe shi da mayafinta, ta fice ta nufi zaure.

"Inna... ɗana..."

Safara'u ta dafa bango ta miƙe. Ta fito ƙofar ɗaki ta tsaya tana haki. Ta ɗan taka, ta kama turmi. Tsakar gidan da ta yi wasan ƙasa a cikinta ta gagare ta ƙetarewa. Kusa da tukunyar wankan ta zube gwiwa biyu tana tari, ƙirjinta na wani ƙara kamar ruwan da ke tafasa a gefenta.

Barira ta tsaya sandare, ludayin kunu a hannu. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ran nan na ji.

"Safara'u! Wayyo Safara'u!"

Ta jefar da ludayin, ta durƙusa ta goye ta, na ɗaure musu zani. Haka ta fita da ita gaban mazan unguwa, ko mayafi babu.

A bayan mota muka jingina ta jikin uwarta. Barira sai salati take. Da muka hau kwalta na ɗaga zanin na duba ƙafar. Ramin yatsan Laure yana nan bai cike ba.