Muryar da ke Waƙa ta Huɗu

"Za a iya kashe wancan na ɗan lokaci?" in ji mai gemun, Brantley, yana nuni da haɓa.

Maxine Tolliver ta rasa me kuma ya rage a kashe. Tun shigowarsu sun sa ta kashe firji, ta cire batirin agogon bango, ta kai kyanwa ɗakin wanki ta kulle. Sai da ta bi haɓar da kallo ta gane injin iskar numfashi yake nufi, wanda bututunsa ke maƙale a hancin maƙwabcinta Alton Beaudry mako shida ke nan.

"Wannan? Kai yaro, da shi fa yake numfashi."

"Na sani, Misis Tolliver. Gurnaninsa ne ke shiga makirufo. Kip, ba ta ta ji da kunnenta."

Kip, ɗan siririn da ke riƙe da na'urar ɗaukar murya, ya miƙo mata abin sauraron da ke kansa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaron yana da gaskiya, Maxine," Alton ya ce daga kan gado, a shaƙe. "Shekara talatin ina ɗaukar sauti, ban taɓa barin ƙara irin wannan ta hau mini tef ba. Kashe shi."

"Alton, ka yi hauka ne?"

"Na daɗe da yi. Minti goma sha biyar kawai."

Ta kashe, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, idonta a kan agogon hannunta.

Shekara ashirin da shida bango ɗaya ne ya raba ɗakin girkinta da nasa a wannan layi na birnin Toledo. Ita tsohuwar direbar bas ɗin 'yan makaranta ce, ba ta da haƙuri da surutu. Tun da likita ya ce huhun Alton ya gama aiki, ita ke kai masa miya, ita ke faɗa da shi kan magani. Su kuwa samarin nan biyu, shiri suke yi a intanet, irin wanda ake saurara a waya. Sai su ɗauko tsohon faifai guda, su zauna su yi ta tsefe shi waƙa bayan waƙa har awa uku, kamar su suka haife shi. Wannan karon sun zo ne kan faifan mawaƙi Cal Rennick na biyu, wanda Alton ya ɗauka a wani situdiyo a Detroit a 1974.

Abu ɗaya ne ya sa Alton ya yarda su shigo masa gida, kuma Maxine ta san shi. A waƙa ta huɗu akwai muryar mace da ke amsa wa Cal, murya ce da rabin ƙasar nan ta sani. A bayan kwalin faifan an rubuta Sable Quinlan, budurwar Cal ta lokacin. Ƙarya ce. Noreen ce ta rera, matar Alton, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. Alton ya ja bakinsa ya yi shiru a lokacin don kada aiki ya kuɓuce masa, shirun kuma ya zarce har aka binne ta. Yana son ya faɗa a inda za a ji kafin ya bi ta.

"Ina so in fara da ta huɗu," in ji shi.

"Za mu zo kanta, Mista Beaudry," Brantley ya ce da murmushi. "A jere muke bi, daga ta ɗaya. Masu sauraronmu sun saba da haka."

To, aka fara daga ta ɗaya. Kafin ma a yi wa tsohon tambaya, sai da Brantley ya cinye minti biyar yana ba da labarin ranar da ya fara jin faifan a motar babansa. Minti biyar daga cikin numfashin wani! Maxine ta ji kamar ta ɗauki kwanon miya ta kife masa a gemu.

"Wane makirufo kuka sa wa ganga?"

Alton ya faɗa.

"Da gaske ne Cal ya jefi mai jita da kujera?"

"Toka ya jefe shi da ita, da abin zuba tokar sigari. A watan Janairu ne, don na tuna ƙanƙara ta rufe…"

"Maris," Kip ya katse shi a hankali. "A bayan kwalin an rubuta Maris."

"Ɗana, ina wurin."

"E, haka ne. Amma dai Maris aka rubuta."

Minti goma sha biyar suka wuce suna kan ta biyu. Maxine ta yi gyaran murya, Kip ya ɗaga mata yatsa alamar ta yi shiru, a gidan da ta fi shekarunsa tana shiga. Alton ya girgiza mata kai, wato ta bari. Yanzu kalma uku yake faɗa ya tsaya, kafaɗunsa na hawa da sauka. Su kuwa gogan naka sun lumshe ido suna gyaɗa kai, suna jin daɗin yadda muryar ke fita tas babu ƙara.

A minti na ashirin da biyu, suna tsakiyar waƙa ta uku, Maxine ta ga leɓen Alton ya koma shuɗi-shuɗi. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tsallake wayoyinsu ta danna maɓallin, injin ya ɗauki gurnani.

Kip ya yamutse fuska kamar an taka masa ƙafa. "Ayya, saura kaɗan fa."

"Saura kaɗan ya mutu, ba," in ji Maxine. "In ba za ku iya da ƙarar ba, ga ƙofa nan."

Sun iya. Alton ya huta, jini ya dawo masa fuska, sannan ya tsallake sauran ta ukun ba tare da ya tambaye su ba.

"Ta huɗu. Ku saurara da kyau. Sable yarinya ce mai kirki, amma muryarta ba ta kai can sama. Tun safe muke fama, ta yi kuka, Cal ya yi zagi. Da rana sai ga Noreen ta kawo mini abinci. Ta tsaya bayana tana ji, sai ta ce, 'Ai nan ba wuya,' ta rera a hankali. Cal ya juyo ya ce, 'Wace ce wannan? Sa ta a ciki.' Ko kwat ɗinta ba ta cire ba. Sau ɗaya ta yi, shi ne kuke ji har yau. Da faifan ya fito sai ga sunan Sable. Na ce wa Noreen ta yi haƙuri, muna da jariri, ba na so in ɓata da kamfani. Ta ce ba komai. Shekara arba'in in muka shiga kanti aka sa waƙar, sai ta tsaya da kwandon sayayya har ta ƙare, sannan ta ci gaba. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Noreen Beaudry. Ku faɗi sunan daidai."

"Kai!" in ji Brantley. "Wannan labari ne!"

Suka sa shi ya sa musu hannu a faifai huɗu, suka ɗauki hoto da shi, kowa ya kwantar da kai kusa da matashinsa yana washe baki. Suka cinye burodin masarar da ta gasa domin mara lafiya, suka naɗe wayoyinsu suka tafi. Ko firjin ba su tuna sun ce a kunna ba.

"Sun ɗauka dai ko?" Alton ya tambaye ta bayan motarsu ta tashi.

"Sun ɗauka. Ina kallon jar fitilar na'urarsu har ka gama."

"To, shi ke nan." Ya lumshe ido. "Yau zan ci abinci."

Ya kuwa ci. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara, kuma Maxine ba ta taɓa ganinsa da sakin fuska irin na kwanakin nan ba. Ranar Talata da hantsi, tana wanke masa kofi, nas ɗin da ke zuwa duba shi ta leƙo ɗakin girki ta kira sunanta a hankali. Mutum goma sha huɗu suka je jana'iza. Samarin ba su zo ba, amma sun sa hoton nan a intanet, sun rubuta cewa sun yi rashin babban aboki.

Shirin ya fito bayan mako uku, awa biyu da minti hamsin. Maxine ta jingina wayarta da gwangwanin sukari, ta zauna. An buɗe da jimamin Alton, Brantley har da rawar murya, daga nan kai tsaye ya shiga tallar katifa. Ta daure. Ta ji motar babansa, ta ji makirufon ganga, ta ji kujerar da ta zama abin toka. Da aka iso waƙa ta huɗu ta gyara zama, ta dafe tebur.

Minti goma suka yi suna yabon muryar Sable Quinlan. Kip ya ce duk wanda ya iya sauraro zai ji irin son da take wa Cal a cikin kowane numfashi. Sannan suka wuce ta biyar.

Ta nemo katin da Kip ya bari, ta buga.

"Ina labarin Noreen?"

"Misis Tolliver! Ya ƙarin haƙuri? Na rantse mun so mu sa. Amma ƙarar injin ta lalata wurin gaba ɗaya. Na yi ta ƙoƙarin gogewa, muryarsa ta koma kamar daga cikin gwangwani. Masu sauraronmu ba sa yafe mummunan sauti. Da an ƙara ko minti biyar kafin a kunna…"

"To ku faɗa da bakinku mana. Ba ku da baki ne? Awa uku kuna magana!"

"Ai matsalar, ba mu da wata shaida. Kwalin ya ce Sable. Kuma kin san tsufa, ko watan ma ya rikice masa."

"Minti biyar, ka ce. Da ya cika a gabanku, da sautin ya fita da kyau ko?"

"Haba, Misis Tolliver, ba haka nake…"

Ta kashe wayar. Ta ture shayin da ta haɗa gefe. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yatsanta ne ya danna maɓallin nan. Ko yau aka maimaita za ta sake dannawa, ta san haka, amma sanin bai rage mata komai ba. Alton ya bar duniya da murna a kan maganarta cewa sun ɗauka.

Ranar Asabar ta kwashi rigunan sanyin Alton ta kai shagon gwanjo na cocin unguwa. A bakin ƙofa akwai akwatin tsofaffin faya-fayai da ba mai kulawa da su. Ta wuce, sai kuma ta dawo, ta durƙusa da ƙyar tana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Faifan Cal yana nan kusa da ƙarshe, gefen kwalin ya cinye.

Ta juya bayansa, ta ciro biro daga jaka. Ta ja layi ɗaya a kan sunan da ke ƙarƙashin waƙa ta huɗu, ta rubuta Noreen Beaudry a samansa da manyan baƙaƙe. Matar da ke tsaron shagon ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau, ta mayar da kai kan rigunan da take ninkewa.

Maxine ta hura tawadar har ta bushe, ta mayar da faifan cikin akwatin, a gaba, bayansa yana kallon ƙofa.