Reshen Mangwaron Babba

Fijon mahaifinmu Babba, 404 mai ruwan toka, ta shekara tara a tsakar gidanmu a unguwar Briqueterie. Tun rasuwarsa maƙwabta suka yi ta cin lungu da gini, yau ɗaki gobe shago, har ya zama ko amalanke sai an karkata ta take wucewa. Mota dai ta rasa hanyar fita. Injin kuwa ƙalau yake, don duk Juma'a sai na tayar da shi.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa aka sallami yayana, Mohaman Bello, daga ofis. Wata bakwai yana zaune yana goge takalman da ba inda za su je. Sai wani mahauci a unguwar Etoudi ya ce yana da akori-kura da injinta ya buga. In Yaya ya kawo inji da giyar mota, shi zai riƙa tuƙa ta, yana kai nama kasuwar Mokolo.

Ni ne bakanike a gidan, shekarata goma sha biyar ina shan baƙin mai. Amma shi ne babba, mu kuma a gidanmu ƙarami ba ya ba wa na gaba umarni, ba ya ma kama sunansa. Matarsa Kulsum ba ta faɗin sunan, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Muka ɗora Fijon a kan bulo don mu cire injinta da giyarta, na zare lagireto da salansa, na kwance wayoyi. Na rataya sarƙar ɗaga inji a reshen mangwaron da Babba ya shuka, na ja har ta ɗauki nauyi. Saura notin da ke riƙe giya ta ƙasa. Ina neman sifana, sai na ga Yaya ya tuɓe riga ya shimfiɗa kwali.

"Yaya, ai da ka bari na shiga."

"Aikina ne za a yi da shi, Alim. Riƙe sarƙarka."

Mutumin da hannunsa bai san komai ba sai biro! Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Ya shige ƙarƙashin motar rigingine, ƙafafunsa kawai nake gani.

Noti na farko ya fita. Reshen ya sunkuya kaɗan, busassun ganye suka zubo a kan injin. Na biyu ya fita, sai na ji wani ɗan ƙas a sama. Na ɗaga kai. A daidai inda reshen ya haɗu da gindin bishiya ɓawo ya tsage, farin itace ya leƙo, gara na fitowa daga ciki. Giyar kuwa tana saitin ƙirjinsa.

"Yaya, ko za ka ɗan fito mu duba wani abu?"

"Saura ɗaya."

"Yaya, don Allah, reshen nan..."

"Na ce saura ɗaya! Kullum kai a tsorace kake."

Kulsum ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta bi idona da kallo, ta toshe baki. In na saki sarƙa na je jan ƙafarsa, nauyin zai fizgi reshen. In na tsaya, tsagar sai buɗewa take. Ina jin sifana tana juyawa a ƙasa, a hankali, irin juyin wanda bai iya ba. Tsoro ya cika ni.

"Bello! Fito nan!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ya turo kansa waje da sauri, kwalin ya biyo bayansa. Kafadarsa na fita reshen ya ɓalle. Notin ƙarshe ya tsinke, giya ta daki ƙasa a daidai inda ya kwanta, inji ya rufta ya fashe ta ƙasa. Baƙin mai ya malalo ya nufi kwata.

Mun san aikin Etoudi ne ke tafiya a kwatar nan. Yaya na zaune a ƙasa, sifana na hannunsa, yana kallona. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don na san na yi rashin kunya a gaban matarsa.

"Kai ne ka kira ni?"

"Ni ne, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ya dubi reshen da ke kwance a kan motar, ya daɗe yana kallo, sannan ya share ido da bayan hannu, mai ya shafe masa fuska.

"Wallahi na ɗauka Babba ne," in ji shi. "Shi ya sa na fito."