Yaren da Affan Ya Dawo da Shi

Ranar Juma'a Affan ya zo hutu, ya tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Najla, a shagonta na atamfa a unguwar Château Rouge. Shekara biyu ke nan yana jami'a a Lyon. Haka dai yake faɗa mata.

Tana cikin yanka wa wata mata yadi wayarsa ta yi ƙara. Ya juya mata baya, ya rage murya.

"Vale, tío. Qué guay."

Almakashin ya tsaya a hannunta. Ta san kalmomin sarai: to, abokina, abin ya yi daɗi. Kafin ta haife shi, ta yi shekara uku tana tsinkar tumatir a rumfunan leda na kudancin Sifaniya. Ba ta taɓa ba 'ya'yanta wannan labarin ba.

Da la'asar suka zauna cin shinkafa a bayan shago.

"A jami'a ake koya muku Sifaniyanci?" ta tambaye shi.

"Eh, Inna. Sau ɗaya a mako."

Ta gyaɗa kai. Ita dai ba ta ji kamar maganar aji ba. Haka samari ke magana a bakin titi bayan an tashi aiki. Ta dubi fuskarsa, rana ta ƙona ta, alhali ana tsakiyar sanyi a Lyon. Ta dubi hannun da yake cin abinci da shi. Gefen faratansa ya rine, kore-kore baƙi-baƙi, irin tabon da ganyen tumatir ke bari.

Ta ƙara masa miya, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "¿Qué tal el curro?" Wato, yaya aiki.

"Una paliza," ya amsa, wato wahala ce zalla. Sai ya tsaya da loma a hannu.



"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Wata bakwai. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa, Inna. Na kasa gaya miki." Ya ɗago ido. "Ke a ina kika iya?"

Hajiya ta tashi ta ɗauko lemun tsami, ta raba shi biyu, ta kama yatsunsa tana gogewa ɗaya bayan ɗaya.

"Sabulu ba ya fitar da shi," ta ce. "Litinin zan rufe shago mu tafi Lyon tare, mu ji ko za su sake karɓarka. A jirgi zan ba ka labari."