Jan Ganye ta Bayan Katanga

Gwaggo Mitsue ta iso Kyoto da jaka biyu, ɗaya da kayanta, ɗaya fanko. Ina ganin fankon nan na san tsaraba ce za ta cinye mana ziyarar.

Ƙanwar babana ce, ta haura saba'in, ba ta kuma taɓa yin nisa da ƙauyenmu na Shimane ba. Da likita ya ce mata idonta na dusashewa kuma ba gyara, sai ta bugo mini waya, wai tana so ta ga jan ganyen da bishiyoyin Kyoto ke yi da kaka tun tana iya gani. Lambun wani haikali take nufi, wanda hotonsa ya daɗe rataye a kicin ɗinta, jikin tsohuwar kalanda. Shi kaɗai ya kawo ta, shigarsa kuwa da kuɗi ne.

Ni aikina gyaran gado a otal, kuma garin nan ko tari ka yi da ƙarfi sai an miƙo maka rasit. Amma talakan da ya daɗe a Kyoto ya san inda ake kallo kyauta. Na bar lambun sai ranar komawarta, na kai ta bakin kogin Kamo muka ci dunƙulen shinkafar da na yo a gida. Daga nan muka faɗa kasuwa, inda masu shaguna ke ajiye ɗanɗano a faranti.

"Ke Nozomi, ba kya jin kunya? Kin ɗanɗana, kin dawo kin sake!"

"Gwaggo, don a ci fa suka ajiye."

"Don a saya suka ajiye, ja'ira. Sakar musu faranti."

Ita kam saye ta yi ta yi. A ƙauyenmu in za ka yi tafiya, maƙwabta kan kawo maka ɗan kuɗin guzuri a ambulan, kai kuma ka dawo wa kowa da tsaraba, a naɗe cikin takardar shagon garin da ka je. Gwaggo sai ta kai kwalin alewa dab da hancinta, ta juya shi, ta ce wannan na matar limamin haikalinmu ne, wancan na mai shagon taki. Raina ya yi ta ɓaci. Mace ta zo kallo na ƙarshe, ta ɓige da kallon kwalaye.

Ranar komawa muka shiga layi a ƙofar lambun. Abin da ya rage mata daidai kuɗin shiga ne, ta ware shi tun daga gida. Ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta za ta ciro, sai ta fito da wani ɗan ƙunshi. Ta shinshina.

"Kinuyo," ta ce. "Wayyo, na manta Kinuyo."

Kinuyo tsohuwa ce da mijinta ya rasu, gidanta na ƙarshen ƙauye. Ba ta da abin sa wa a ambulan, shi ne ta biyo Gwaggo tasha ta cusa mata 'ya'yan itacen da ta jiƙa da gishiri, na ci a hanya.

"To ai ba ambulan ta ba ki ba," na ce. "Mu shiga, Gwaggo, layi na tafiya."

"Au, wadda ba ta da ambulan ita ake mantawa? Kowa ya buɗe kwali a ƙauye, ita tana kallo?"

"To saya mata, ni zan biya miki shiga."

"Ke da kike kwana a ɗaki kamar akwati? Jiya ina jinki kina roƙon mai gidan haya ya ƙara miki haƙuri. Rufa mini asiri."

Na yi magiya har mutanen layi suka fara waiwayenmu. Ko a jikinta. Ta fice, ta shiga shagon da ke tsallake, ta fito da ɗan kwali a naɗe, fuskarta fes. Ni kuwa kuka ne ya taso mini, na haushi da na tausayi a haɗe.

Motarta sai la'asar, don haka na ja hannunta muka zagaya ta wani lungu a bayan haikalin, inda masu kai kaya ke ajiye kekuna. A nan bishiyoyin lambun sun yi tsawo, rassansu sun tsallako katanga sun sunkuyo kan hanya, jajur, ƙasa ma duk ganye ne. Ba kowa sai mu.

"Ga shi nan, Gwaggo. Bishiyoyin cikin ne, su ɗin dai."

Ta ajiye jakar tsarabar, karo na farko tun safe. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, rana na ratsowa ta cikin ganyen tana sauka a fuskarta. Ta miƙa hannu ta laluba, ta kuskure reshen, ta sake lalubawa ta kamo shi, ta jawo har ganyen ya taɓa gilashin idonta.

"Nozomi."

"Na'am, Gwaggo."

"Ja ne sosai, ko?"

Na ce mata ja ne, ya fi na kalanda.

"Ai na gani," ta ce, ba ta saki reshen ba. "Tambaya dai na yi."